Motar tsere da ke ajiye wata huɗu: wace caja ce za ta riƙe batirinta?

"Assalamu alaikum. Ina da Porsche 911 ƙirar 2013 da nake ajiyewa a garejin gidana a Abuja. Aikina kan fitar da ni ƙasar waje wata uku zuwa huɗu, kuma sau biyu ke nan ina dawowa in tarar batirin ya mutu murus, har bara sai da na sayi sabo. Mai gadi yana tayar da ita minti goma duk mako, amma hakan bai hana ba. Wani abokina ya ce in sayi ƙaramar caja mai ɗura wuta kaɗan-kaɗan in bar ta jone, mai gyaran wayarin mota kuma ya ce in cire kan batir kawai in huta. Wanne ya fi? Kuma barin caja jone wata huɗu ba zai lalata batirin ko ya jawo gobara ba, ga yadda wutarmu take?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku: me ke shanye batirin motar da ba a hawa, wace hanya ce ta fi dacewa a riƙe shi cike har ka dawo, da kuma ko akwai haɗari a barin caja jone tsawon watanni. Shawarar abokinka ita ce ta fi kusa da daidai, sai dai da sharaɗi mai nauyi. Cajar da za ka bari a jone dole ta zama irin wadda ke auna batir tana rage wutarta da kanta idan ya cika, kuma ta dace da irin batirin da ke cikin motar. Tsohuwar caja mai ɗura wuta ba tsayawa, wadda mutane da yawa ke nufi idan sun ba da wannan shawara, za ta iya kashe maka batirin ta wata hanya daban.

Abin da ke shanye batir mota tana tsaye

Batirin mota mai bolt 12, wanda ake rubuta 12V a jikinsa, ɗakuna shida ne a jere, kowanne yana ba da wajen bolt 2.1. Idan ya cika kuma ya huta 'yan awoyi, mitar awon wuta za ta nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ta nuna 12.4 ya sauka zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ke nan, 12.0 kuwa saura kwata. Wannan ne abin da ke ruɗar masu motoci: mutum ya ga 12.0 ya ɗauka batirinsa lafiya lau tunda an ce masa mai bolt 12 ne, alhali ya kusa ƙarewa.

Hanya biyu wuta ke zurarewa. Ta farko, kowane batir na dalma da ruwan asid yana rage caji da kansa ko ba a jona masa komai ba, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata idan yana wuri mai matsakaicin zafi na digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da masu aikin batir ke bi ita ce wannan zurarewar tana ninkawa kusan sau biyu a duk ƙarin digiri 10. A Abuja cikin watan Maris, ko a Kano cikin Afrilu, gareji mai rufin kwano yana iya wuce digiri 40 da rana, don haka lissafin da aka yi wa batir a Jamus ba shi ne namu ba.

Hanya ta biyu ta fi girma, ita ce motar kanta. Mota irin taka ba ta mutuwa gaba ɗaya idan ka cire mukulli. Ƙararrawar tsaro, na'urar da ke sauraron rimot, agogo da kwamfutocin da ke riƙe saituna duk suna tsotsar wuta kaɗan dare da rana. Abin da aka ɗauka lafiya shi ne miliamfiya 20 zuwa 50, miliamfiya dubu kuma su ne amfiya ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Mu ɗauki 40. A yini ɗaya kusan 1Ah ke nan, wato daidai da jan amfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya, a wata wajen 29Ah. Idan batirinka mai 70Ah ne, wata ɗaya ya cinye kusan kashi 40 cikin ɗari, kafin a kai wata uku kuwa babu abin da ya rage, tun ba a ƙara zurarewar zafi a lissafin ba. Idan an saka wa motar na'urar bin sawu saboda ɓarayi, kamar yadda ake yi wa motoci masu tsada da yawa a nan, lokacin ya ƙara gajarcewa.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan motar ta ƙi tashi ba. Duk lokacin da batir ya sauke caji, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a kan farantan dalmar da ke cikinsa. Idan aka yi masa caji da wuri, gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Idan aka bar shi makonni a sauke, gishirin yana daskarewa ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi duka, kuma wurin da ya rufe ya daina aiki har abada. Batirin tayar da mota an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan a cika shi nan take, ba a ƙera shi don a kwashe shi har ƙasa ba. Mutuwa murus biyu ko uku ta isa ta rage masa ƙarfi sosai. Shi ya sa nake ganin sabon da ka saya bara ma yana bukatar gwaji kafin ka dogara da shi.

Dalilin da tayarwar mai gadi ba ta isa ba

Lissafi ne zai nuna. A mako ɗaya motar tana asarar wajen 7Ah. Idan injin yana aiki a tsaye minti goma, ko da mun ƙaddara amfiya 15 na shiga batirin duk tsawon lokacin, abin da ya samu 2.5Ah ne kawai, daga ciki kuma a cire abin da kik ya ja da abin da kwamfutocin suka ci daga buɗe ƙofa har suka sake yin barci. Kowane mako ana mayar da ƙasa da rabin abin da aka rasa. Batirin yana gangarawa ne a hankali, mai gadi kuma yana ganin ta tashi sai ya ɗauka komai daidai, har ranar da za ta ƙi.

Ga injin ma ba alheri ba ne. Minti goma ba ya kai baƙin mai zafin da zai kore danshi da ɗanyen fetur da ke sauka cikinsa lokacin da inji ke sanyi, ruwa kuma yana kwanciya a salansa. Ko dai a fita da ita kan titi a yi tafiyar rabin awa ko fiye, ko a bar ta a kashe. A ganina, umarni na farko da za ka bayar shi ne a daina tayar da ita.

Caja iri biyu ce, kuma ba aikinsu ɗaya ba

Tsohuwar caja mai ɗigo ba ta da wata dabara a cikinta. Tana tura amfiya ɗaya ko biyu, ko ƙasa da haka, kuma ba ta san batir ya cika ba. Kamar famfo ne da aka bari yana ɗiga cikin randar da ta riga ta cika. A batir, rarar wutar tana raba ruwan ciki zuwa iskar haidirojin da iskar oksijin, ruwan ya ragu, farantai su fito fili su fara cin kansu, batirin ya yi zafi. Na sha ganin batiran da aka bari a kan irin wannan caja: gefensu ya kumbura har ba sa zama daidai a mazauninsu, farin gari ya lulluɓe kawunansu, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Irin wannan cajar ta mai zama kusa ce, wanda zai cire ta bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba ta matafiyi ba ce.

Ta biyu, wadda nake ba ka shawara, tana da ƙaramar kwamfuta a ciki kuma tana aiki mataki-mataki. Da farko tana ba da cikakken ƙarfinta har batirin ya kai wajen bolt 14.4. Sai ta riƙe shi a nan tana rage wutar a hankali har ya ƙoshi. Daga nan ta sauka zuwa wajen 13.2 zuwa 13.6, inda ba ta tafasa ruwan batir, wasu kuma su tsaya gaba ɗaya su riƙa aunawa, sai sun ga ya ɗan sauka su ƙara masa. An ƙera ta ne domin a bar ta watanni. Sanannun masu ƙera ta sun haɗa da CTEK na ƙasar Suwidin, da Battery Tender da NOCO na Amurka, da OptiMate. Cajar da Porsche ke sayarwa da sunanta ma CTEK ne ke ƙera ta, don haka ba lallai ka biya kuɗin tambari ba. Don riƙe batir kawai, mai amfiya ɗaya ta isa. Amma saboda yanayin wutarmu na fi son mai amfiya 4 zuwa 5, zan faɗi dalili a ƙasa.

Abu biyu za ka duba kafin ka saya. Na farko, irin batirin. Ka buɗe ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa, kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa maka bara. Batir mai ruwa na gargajiya yana cika a 14.4. Wanda aka rubuta wa AGM, mai ruwan asid tsotse cikin zaren gilashi kuma a rufe ruf, shi ne aka fi samu a motocin da ke kashe inji da kansu a danja, kuma cajoji da yawa suna da saitinsa na daban a wajen 14.7. Shi ne ya fi cutuwa da caji mai wuce ƙima, domin ruwan da ya rasa ba a iya mayar masa. Akwai kuma na litiyom, wanda wasu motocin gudu ke zuwa da shi saboda rashin nauyi, kamar BMW M3 da M4 na wajen 2014 zuwa gaba. Wannan cajarsa daban ce, kuma kada a jona masa ta batirin dalma. Akwai wani saiti a cajoji da yawa na farfaɗo da batir, wanda a CTEK MXS 5.0 yake kaiwa bolt 15.8. Na batir mai ruwa ne da ya daɗe a sauke, ba na ajiya ba ne, kuma ba na son a kunna shi batir yana jone da kwamfutocin mota.

Na biyu, ka nemi wadda ke auna zafin wuri tana daidaita kanta. Batir mai zafi yana bukatar bolt ƙasa da na mai sanyi, bambancin wajen 0.02 zuwa 0.03 ne a kowane digiri. Daga digiri 25 zuwa 40, bolt 0.3 zuwa 0.45 ke nan ya kamata a rage. Adadin ƙarami ne a ido, amma idan ya ɗore wata huɗu shi ne bambancin batirin da ya huta da wanda ya bushe. Mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda ke ajiye irin waɗannan motoci saboda ƙanƙara da gishirin da ake zubawa a titi, ba su cika damuwa da wannan ba. Mu kam ya zama dole.

Yadda za a jona ta

A 911 injin yana baya, batir yana gaba cikin but. Ka san cewa murfin but ɗin da wuta ake buɗe shi, saboda haka idan batir ya mutu ba ka iya kaiwa gare shi kai tsaye. Porsche ta tanadi wani jan kai da ake jawowa a akwatin fis da ke wajen ƙafar direba, a jona masa wani batir domin murfin ya buɗe. Ka duba littafin motar ka nuna wa wanda zai kula da ita inda yake, don kada wani ya zo da sukundireba yana ɓanɓarar murfi.

Jar wayar caja a jan kai mai alamar +. Baƙar waya kuwa a jikin ƙarfen motar, a wurin da littafin ya nuna, ba a kan batir ba. Dalili shi ne yawancin motocin zamani suna da ƙaramar na'ura a baƙin kan batir mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Idan ka maƙala waya a kan batir kai tsaye, wutar ta shiga ta bayan na'urar, kwamfutar motar ba ta san an yi caji ba, sai ta ci gaba da lissafi a kan kuskure. Ban da haka, duk tartsatsin da zai tashi gara ya tashi nesa da batir. Sai ka gama maƙala wayoyin biyu sannan ka jona a soket ɗin bango. Wajen cirewa, soket ne farko.

Kada ka bar masu maƙalewa kamar bakin kada tsawon watanni, suna iya zamewa. Cajoji masu kyau suna zuwa da gajeriyar waya mai zobe biyu da ake ɗaurewa da noti sau ɗaya, mai fis a jikinta, da bakin jonawa mai murfi. Ita za a saka. Ka fitar da wayar ta inda robar murfi ba za ta datse ta ba, cajar kanta kuma ta zauna a waje, rataye a bango ko a kan benci, ba a cikin but ba, ba a ƙarƙashin tamfol ɗin da aka rufe motar da shi ba, kuma ba a ƙasa inda ruwan damina ko ɓera zai same ta ba. Wasu suna jonawa ta soket ɗin sigari. Yana yi a motocin da soket ɗinsu ke zama da wuta bayan an kashe su, amma wasu motocin suna yanke shi bayan ɗan lokaci, sai cajar ta zauna tana haska fitila ba abin da ke shiga. Idan za ka bi wannan hanyar, ka dawo bayan awa biyu ka auna batir da mita ka tabbatar. Mukulli mai rimot kuma a ajiye shi nesa da garejin, domin a motocin da ke buɗewa ba sai an danna ba, kusancinsa yana hana kwamfutocin yin barci.

Maganar wutar gida da gobara

Ɗaukewar wuta ba matsala ba ce kamar yadda kake tsoro. Motar tana rasa wajen 1Ah a yini, caja mai amfiya 5 kuma tana mayar da wannan cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ko awa uku ake ba ku wuta a rana ya wadatar, wannan ne ma dalilin da na fi son mai ɗan ƙarfi a kan mai amfiya ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne cajar ta ci gaba da aiki da kanta idan an dawo da wuta, a saitin da ka bar ta. Akwai waɗanda sai an danna maɓalli. Gwajin mai sauƙi ne: ka jona, ka saita, ka zare daga soket na minti biyar, ka mayar, ka ga me za ta yi.

Haɗarin gaske yana wajen dawowar wuta da ƙarfi, da janareton da ba ya riƙe ma'auni. Ka saka mata abin kariya daga hauhawar wuta, irin wanda ake saka wa firji mai jinkirin 'yan mintoci kafin ya saki wuta. Idan gidan yana da inbata mai ba da tsabtatacciyar wuta, a nan ya fi dacewa a jona ta, tunda bayan batir ya cika abin da take ja 'yan wat ne. Ka kuma karanta abin da ke rubuce a bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, cajoji da yawa da ake sayowa daga Amurka kuwa na bolt 120 ne kaɗai, suna shiga soket ɗinmu sun ƙone. Sannan kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da manyan sunaye, don haka a sayi daga dillalin da zai ba da rasit da garanti. Da caja ta gaskiya, da fis a wayar, da soket mai kyau ba tarin wayoyi da aka ɗaɗɗaure ba, da iska mai shiga garejin, haɗarin gobara ƙarami ne ƙwarai. Duk da haka a ajiye abin kashe gobara kusa, a nisanta jarkar fetur daga wurin.

Idan garejin ba shi da wuta ko kaɗan, ƙaramin faifan sola mai wat 10 zuwa 20 zai yi. Mai wat 10 yana ba da wajen rabin amfiya a rana tsaka, wato 2Ah ko fiye a yini, ya ninka abin da motar ke ci. Amma dole a saka masa na'urar daidaita caji a tsakani, in ba haka ba ya zama tsohuwar caja mai ɗigo da muka ƙi. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke rufe shi.

Cire kan batir

Shawarar mai wayarin ba shirme ba ce. Cire baƙin kai yana tsayar da tsotsar da motar ke yi, kuma a tsohuwar mota mai ƙarancin kwamfuta ni ma abin da zan ce ke nan. A taka yana da tsada. Ƙararrawa da na'urar bin sawu za su daina aiki daidai lokacin da ba ka gida. Gilasan ƙofa marasa firam, waɗanda ke ɗan sauka idan an buɗe ƙofa, za su manta iyakarsu sai an sake saita su. But ɗin da batir ke ciki ba zai buɗe ba idan wani ya rufe shi. Kuma zafi zai ci gaba da rage cajin ko da an cire. Idan ba makawa sai wannan hanyar, a cika batirin taf kafin a cire, a bar murfin but ba a datse ba, a kuma yi masa caji duk wata ɗaya zuwa biyu.

Iyakar abin da zan iya yanke maka daga nesa ke nan, domin abu biyu sai an auna. Caja tana riƙe lafiyayyen batir ne, ba ta dawo da wanda gishiri ya daskare a cikinsa. A cika naka, a bar shi ya kwana ba a jone ba, a auna da safe. Idan ya sauka ƙasa da 12.4, ko na'urar gwajin ƙarfin tayarwa ta nuna ya yi ƙasa sosai da adadin da ke rubuce a jikinsa, a canja shi, a kuma shigar da sabon a kwamfutar motar kamar yadda irin waɗannan motocin na Jamus ke bukata. Na biyu, a auna abin da motar ke tsotsa bayan an kulle ta an jira rabin awa zuwa awa ɗaya kwamfutocin sun yi barci. Idan ya wuce miliamfiya 50 sosai, akwai abin da ke satar wuta, kuma a abin da na saba gani yawanci kayan da aka ƙara daga baya ne: na'urar bin sawu da aka jona ba daidai ba, kyamara, ko rediyo. Caja za ta rufe wannan aibin har ranar da wuta ta yi mako ba ta zo ba, don haka a gyara shi tun kana nan.

Ka jona cajar aƙalla mako ɗaya kafin tafiyarka domin ka ga ta kai matakin riƙewa da idonka. Aikin mai gadi kuma ya koma duba fitilar cajar sau ɗaya a mako, ya taɓa jikinta ya ji ko ta yi zafi fiye da ƙima, ya turo maka hotonta. Idan ya ga fitilar kuskure ko ya ji wari, ya zare ta daga soket ya kira ka, kada ya taɓa wayoyin da ke kan batir.